Gishiri ne ya kore ƙwarin ruwan, ko maganin tsutsar sauro?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina cikin masu aikin kashe tsutsar sauro a kududdufai da magudanan da ke karɓar ruwan da ya tsiyayo daga gonakin ban ruwa. Muna zuba maganin Bti, wanda aka ce mana daga bakteriya aka samo shi, kuma ba ya taɓa komai sai sauro. Amma shekara biyu ke nan ina lura ƙananan ƙwarin da muke gani a ƙarƙashin duwatsu da cikin ciyawar ruwa sun ragu sosai. Sannan in ruwa ya ja baya, sai ka ga farin gishiri ya kwanta a gaɓa. Shin maganinmu ne ya yi wannan ɓarna, ko gishirin? Kuma in sun haɗu, me ke faruwa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake son sani shi ne wa za a ɗora wa laifi tsakanin abu biyu da suka shiga ruwa a lokaci guda. Hanyar da ta fi kusa ita ce ka daina kallon ƙwarin a dunƙule, ka tambayi kanka su wane ne suka ɓata, su wane ne suka rage. Gishiri yana da waɗanda yake fara kayarwa, Bti ma yana da nasa, kuma ba su ɗaya ba ne. In ka gane wanda ya ɓace, ka yi rabin aikin gano wanda ya kore shi.

Su wane ne a cikin ruwan

Ɗaga dutse daga ƙorama mai lafiya ka juya shi, ka ba shi daƙiƙa kaɗan. Za ka ga wasu 'yan halittu masu faɗin jiki suna sulalewa gefe, kowanne da jela biyu ko uku sirara kamar gashi, da wasu abubuwa masu kama da ƙananan ganye jere a gefen ciki suna kaɗawa ba tsayawa. Waɗannan 'ya'yan ƙwarin da masana ke kira Ephemeroptera ne, waɗanda in sun yi fiffike ba sa wuce yini ɗaya ko biyu a raye. Ganyen nan da ke kaɗawa da su suke numfashi. Za ka kuma ga 'yan bututu manne da dutsen, an gina su da ƙwayoyin yashi ko guntayen kara, da tsutsa a ciki tana leƙo kai: Trichoptera ke nan, tsutsa mai gida. A ruwa mai sanyi da gudu akwai na uku, Plecoptera. Waɗannan iyalai uku su ne ma'aunin lafiyar ruwa a wurin masu wannan aiki, domin su ke fara tafiya in ruwa ya lalace.

A cikin laka kuma akwai jar tsutsa ta dangin Chironomidae, wadda in ta girma take zama ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo. Janta daga sinadarin jini ne irin wanda ke ɗaukar iska a jikinmu, shi ya sa take jure lakar da ba iska. Ita ce abincin kifi da kwaɗi da 'ya'yan mazari, in ta tashi sama kuma tsuntsaye da jemagu su samu. Sai mafarauta: 'ya'yan mazari, buzuzun ruwa, da ƙwaron nan mai iyo a rigingine. Su ne abokan aikinka da ba a biya, domin tsutsar sauro na cikin abin da suke ci.

Abin da gishiri ke yi musu

Ruwan jikin ƙwaro ya fi ruwan daɗin da yake zaune a ciki gishiri nesa ba kusa ba. Gishirin jikinsa ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan teku, alhali ruwan rafi mai tsabta sau da yawa bai wuce giram 0.1 ko 0.2 a lita ba, shi kuwa teku yana da kusan giram 35. Saboda haka kullum ruwa na kutsawa cikin jikinsa, gishiri na zurarewa waje. Rayuwarsa duka a kan gyara wannan take: yana fitar da fitsari mai yawa tsararo, yana kuma tsinto gishiri daga ruwa da wasu ƙwayoyin halitta na musamman. A jikin Ephemeroptera suna kan fata da ganyen numfashi, a tsutsar sauro da jar tsutsa kuma suna cikin wasu 'yan jakunkuna a ƙarshen jela. Tun shekarun 1930 aka lura cewa jakunkunan nan na tsutsar sauro sukan girma a ruwan da ba gishiri, su ƙanƙance in gishiri ya yi yawa.

A bisa wannan, mutum zai zaci ƙarin gishiri kaɗan sauƙi ne gare su, tunda an rage musu wahalar tsinto shi. Ba haka ake gani a fili ba. Ephemeroptera sukan ɓace daga rafi tun gishirinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda ke jikinsu ba. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne, jikinsu an gina shi ne don kwasa, bai iya rufe ƙofa da kyau ba. In gishiri ya ƙaru a waje sai shigarsa ta ƙaru, dole su kashe ƙarfi wajen fitar da rarar. Ƙarfin da ya kamata ya tafi ga girma sai ya tafi can. Ba sa mutuwa nan take. Girma ne ke jinkiri, saɓa ta yi wuya, wanda ya kai ga fiffike ya fito ƙarami da ƙwai kaɗan, wasu kuma su saki dutse ruwa ya tafi da su. Bayan zuriya biyu ko uku sai ka ɗaga dutse ka tarar ba kowa.

Wannan ne ya sa gwajin kwana uku ko huɗu a ɗakin bincike ke yaudara. A irin gwajin da aka yi da yawa a Ostireliya, Ephemeroptera sukan jure gishirin da ya ninka wanda ke korar su a rafi sau da yawa, domin gwajin mutuwa kawai yake ƙirgawa, kuma galibi da manyan 'ya'ya ake yin sa. Ƙwai da 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe yau sun fi rauni.

Ana auna gishirin ruwa da ƙarfin ɗaukar lantarkinsa, a ma'aunin da ake rubutawa µS/cm. Ruwan teku yana wajen 50,000. Giram 1 na gishirin ci a lita ɗaya yana ba da kusan 2,000. A 2011 hukumar kare muhalli ta Amurka ta duba bayanan ƙoramu masu yawa a yankin duwatsun Afalashiya, inda haƙar kwal ke zuba wasu nau'o'in gishiri, salfet da baikabonet, cikin ruwa, ta tsayar da 300 µS/cm a matsayin iyakar da in an wuce ta ake fara rasa jinsunan ƙwari. Kada ka ɗauki adadin nan ka ɗora wa ruwanka kai tsaye, domin an fitar da shi ne a inda ruwa ke da ƙarancin gishiri tun asali. Wurin da ƙasa ke da gishiri a halittarta yana da ƙwarin da suka saba. Amma ka gwama shi da wannan: a ma'aunin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan ban ruwa da bai kai 700 µS/cm ba ana ɗaukarsa ba shi da matsalar gishiri ko kaɗan ga shuka. Wato ruwan da manomi zai ce lafiya lau ne yana iya zama ya riga ya fi ƙarfin ƙwarin da suka fi rauni. Harshe ma ba abin dogaro ba ne. Mutum yakan fara jin zartsi ne in kuloraid, sinadarin da ke cikin gishirin ci, ya kai wajen miligiram 200 zuwa 300 a lita, alhali iyakar da Amurka ta sa don zaman halittun ruwa na dogon lokaci 230 ce, ta Kanada kuma 120.

Irin gishirin ma yana da muhimmanci, ba yawansa kaɗai ba. Ruwa biyu na iya nuna adadi ɗaya a na'ura, ɗaya ya kashe, ɗaya ya bari. Fotasiyam ya fi sauran dafi, sai baikabonet da maganiziyam, sannan kuloraid da salfet. Kalsiyam kuwa yakan rage kaifin kuloraid, shi ya sa ruwa mai yawan kalsiyam ya fi ba ƙwari kariya. Ruwan da ya tsiyayo daga gona yana ɗauke da gishirin ƙasa da ragowar taki, kuma taki da yawa na da fotasiyam. In rana ta shanye rabin ruwan kududdufi, gishirinsa ya ninka biyu ba tare da an ƙara ko ƙwaya ba. Farin da kake gani a gaɓa shaidar hakan ce.

Abin da ya fi shafar aikinka shi ne, sauro ba ya cikin masu saurin faɗuwa. Akwai jinsunan da ruwan zartsi ne gidansu, irin Anopheles melas a gaɓar tekun Afirka ta Yamma da Anopheles merus a ta Gabas, kuma a Siri Lanka an samu Aedes aegypti yana hayayyafa a ruwan zartsi. Jar tsutsa, buzuzun ruwa da 'ya'yan mazari su ma suna da juriya fiye da iyalai ukun can.

Maganin halitta ba iri ɗaya ba ne

Bti gajarta ce ta Bacillus thuringiensis israelensis, bakteriyar da aka gano a 1976 cikin wani kududdufi a hamadar Negeb. Abin da ke kisa a cikinta ƙananan dunƙule ne na furotin mai guba iri huɗu manya, waɗanda ake kira Cry4Aa, Cry4Ba, Cry11Aa da Cyt1Aa. Dunƙulen nan ba ya komai sai an haɗiye shi. In ya shiga hanjin da ruwansa ke da kanwa-kanwa sosai, sai ya narke, sinadaran narkar da abinci su yanke shi ya zama guba, gubar ta manne wa bangon hanji ta huda shi. Tsutsa ta daina ci, ta mutu cikin sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu. Dole a cika sharaɗi uku: a ci, hanji ya narkar, kuma bangon hanji ya kasance da wurin da gubar za ta kama. Kifi, kwaɗo, mutum, ɗan mazari da buzuzun ruwa ba su cika su ba. Ephemeroptera da tsutsa mai gida ma, a adadin da aka rubuta a jikin kwali, ba a saba ganin Bti ya kashe su kai tsaye ba.

Amma "sauro kaɗai" da aka gaya muku ya wuce gaskiya. Bti yana kashe tsutsar baƙin ƙudan nan da ke kawo makantar kogi, kuma da shi aka yi aiki sosai a shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na yaƙi da cutar a Afirka ta Yamma, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002, bayan ƙudan ya fara jure maganin temefos a wajen 1980. Masu sa ido kan halittun kogunan sun samu Bti ya fi sauran magungunan da ake juyawa sauƙi a kan ƙwarin da ba su ake nufi ba. Yana kuma kashe jar tsutsa, domin 'yar'uwar sauro ce ta kusa. Babbar jar tsutsa tana buƙatar adadi mai yawa kafin ta faɗi, amma wadda ta ƙyanƙyashe kwanan nan tana mutuwa da abin da bai kai adadin feshin sauro ba. Bincike a Jamus, inda ake zuba Bti a fadamun kogin Rain tun farkon shekarun 1980, ya nuna wannan bambanci na shekaru ƙarara.

Sakamakon binciken fili bai zo da baki ɗaya ba, kuma hakan ba abin mamaki ba ne. A fadamar Kamarg ta kudancin Faransa, inda aka fara feshin Bti a 2006, wani bincike da aka buga a 2010 ya samu cewa wasu tsuntsaye masu cin ƙwari a sama sun rage yawan 'ya'yan da suke fitarwa a wuraren da ake feshi, saboda abincinsu ya ragu. A Minisota ta Amurka, shekarar farko ta feshi a farkon shekarun 1990 ba ta nuna komai ba, sai a ta biyu da ta uku aka ga raguwar ƙwari. A fadamun wani kogi a Suwidin kuma, inda feshin bai yawaita ba, an bi shekaru ba a ga raguwa mai ɗorewa ba. Abin da na fahimta daga haɗa su shi ne, yawan maimaitawa da irin wurin sun fi sunan maganin tasiri. Feshi sau biyu a shekara a ruwan ambaliya mai bushewa daban yake da feshi duk mako a kududdufin da ba ya ƙafewa.

Sauran magungunan da ake kira na halitta, kada a yi musu kuɗin goro da Bti. Maganin bakteriyar Lysinibacillus sphaericus ya fi Bti tsayawa kan sauro, yana kuma daɗewa a ruwa mai datti, sai dai sauron Culex yana saurin koyon jure shi. Spinosad, da ake samu daga wata bakteriyar ƙasa, jijiya yake kamawa, kuma yana aiki ta ci da ta taɓawa, saboda haka yana kayar da jar tsutsa, Ephemeroptera da ƙananan halittun ruwa irin Daphnia. Sinadarin da ke cikin ƙwallon darbejiya yana hana ci yana kuma dagula saɓa, kuma duk ɗan ƙwaro sai ya yi saɓa, ko sauro ne ko ba sauro ba. Fumfunar Beauveria da Metarhizium ta fata suke shiga, ba su da tsananin zaɓe. Gubar furen fairetiram kuwa, duk da daga fure take, tana da mugun kaifi a kan ƙwarin ruwa da kifi.

In sun haɗu

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, domin haɗuwar ba lissafin ɗaya da ɗaya ba ne kullum. Tunda Bti sai an ci, duk abin da ya canza cin tsutsa ya canza adadin gubar da ta samu. Tsutsar da gishiri ya takura tana iya rage ci, ta haɗiyi guba kaɗan, a gwajin kwana biyu a ga kamar gishiri ya kare ta. A ɗaya ɓangaren, gishiri na jinkirta girma, sai jar tsutsa ta daɗe a ƙuruciyar da Bti ya fi kama ta, feshi na biyu da na uku su same ta ba ta wuce wurin ba. Wadda ta tsira da raunin hanji kuma tana buƙatar ƙarfin gyara shi, ga kuɗin fitar da gishiri na jiranta, asusu ɗaya ne kuwa. Irin wannan ba ya fitowa a ƙidayar gawa; a yawan waɗanda suka kai ga fiffike, da lokacin da suka ɗauka, da girmansu ake ganinsa.

Akwai kuma abin da gishiri ke yi wa ruwan kansa. Yana sa ƙurar yumɓu ta dunƙule ta nutse, dunƙulen Bti kuma yana manne wa irin wannan ƙura. Hankali na ba da cewa maganin zai bar saman ruwa inda sauro ke kiwo da wuri, ya sauka laka inda jar tsutsa take. Ruwa mai gishiri ya fi nauyi, yakan kwanta a ƙasan kududdufi mai zurfi ya hana iska sauka. Gishiri yana kuma ɓamɓaro ƙarafa masu guba da amoniya daga laka.

Amma babbar illar haɗuwar ba a jikin tsutsa ɗaya take ba. Gishiri ya kwashe Ephemeroptera da tsutsa mai gida, sai nauyin ciyar da kifi da mafarauta ya koma kan jar tsutsa kusan ita kaɗai. Sannan feshin Bti a kai a kai ya zo ya rage ita ma. Ɗan mazari bai sha guba ba, gishiri bai kashe shi ba, amma yunwa ta rage shi. Ruwan da mafarauta suka yi ƙaranci a cikinsa kuwa, sauro ne ke fara komawa, domin a lokacin zafi cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ya gama daga ƙwai zuwa fiffike, ɗan mazari kuwa sai ya yi watanni.

Yadda za ka tantance a wurinka

Daga bayaninka, ƙwarin ƙarƙashin dutse ne suka ragu, ga kuma gishiri a gaɓa. Zatona ya fi karkata ga gishiri da abin da ke rakiyarsa daga gona. Amma zato ne daga nesa. Ban ga ruwan ba, kuma ba wanda zai yanke hukunci a kan wannan ba tare da awo ba.

Fara da na'urar auna ɗaukar lantarki, irin ta aljihu ma ta isa. Daidaita ta da ruwan gwaji na 1,413 µS/cm kafin fita, ka tabbatar tana mayar da karatu zuwa digiri 25, domin kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara karatun da kusan kashi 2 cikin ɗari. Ɗauraye bakinta da ruwan da aka tace tsakanin wuri da wuri. Auna sama da kuma dab da ƙasa, a bakin da ruwan gona ke shigowa da can nesa da shi, sau ɗaya a mako a lokaci ɗaya. Awo ɗaya ba ya faɗar komai. Abin da kake nema shi ne ƙololuwar da ake kaiwa lokacin da ruwa ya ja, da kuma ruwan farko da ke wanko gishirin da ya kwanta a gaɓa, wanda kan zo da bugu mai tsanani na 'yan sa'o'i. In kana son kimanta miligiram a lita, ninka karatun da wajen 0.65. Sau biyu a shekara ka kai samfur ɗakin gwaji a raba maka kuloraid, salfet, baikabonet, sodiyam, fotasiyam, kalsiyam da maganiziyam. Auna iskar da ke narke cikin ruwa ma, da asuba kafin rana ta fito, domin lokacin ne take ƙasa. Ruwan gona yana kawo taki, taki ya haifar da gansakuka, gansakuka ta shanye iska da dare, kuma rashin iska yana korar iyalai ukun nan daidai yadda gishiri ke yi. Wanda bai auna wannan ba zai ɗora wa gishiri laifin wani.

Sai ƙwarin. Samo koma mai ido na rabin milimita. A ruwa mai gudu, kafa ta a ƙasa bakinta na fuskantar inda ruwa ke fitowa, ka burkuta duwatsu da ƙafa a gabanta na minti uku, kana zagaya yashi, dutse da ciyawa. A kududdufi, share ciyawar gefe da komar, ka kuma ɗebi laka da bututu mai faɗi ɗaya kullum ka tace. Juye a farin faranti mai ɗan ruwa, ka jira ya lafa, motsi zai nuna maka su. Ba sai ka san sunan kowane jinsi ba. Raba su gida-gida ka ƙirga, ka adana wasu cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80 da takardar wuri da kwanan wata, a rubuta da fensir domin tawada na narkewa. Mutum ɗaya, koma ɗaya, tsawon lokaci iri ɗaya kullum, in ba haka ba bambancin hannu za ka auna.

Abin da ya fi komai amfani shi ne wurin gwamawa. Nemi ruwa iri huɗu in zai yiwu: mai gishiri da ake fesawa, mai gishiri da ba a fesawa, marar gishiri da ake fesawa, da marar gishiri da ba a taɓa ba, kowane iri aƙalla wuri uku. Zaɓi waɗanda za a bari ba feshi daga cikin na nesa da gidaje, da yardar masu kula da aikin. In Ephemeroptera da tsutsa mai gida babu su a duk mai gishiri, ko an fesa ko ba a fesa ba, ga amsarka. In suna nan amma jar tsutsa ce ta ragu a inda ake fesawa, Bti ne. In kuwa bayan feshi da kwana ɗaya ka ga buzuzun ruwa, 'ya'yan mazari ko ƙananan kifi a mace, wannan ba aikin Bti ba ne. Duba injin feshin. Tankin da aka taɓa zuba maganin ƙwarin gona ko na feshin ɗaki a ciki yana riƙe saura a robarsa da tiyonsa, kuma ɗan abin da ya rage ya isa. A ware injin da ba ya taɓa komai sai Bti, a yi masa alama. A duba kuma ko maganin gona ne ke biyo ruwan tsiyaya.

A ɓangaren feshin, akwai abin da za ku gyara tun kafin sakamako ya fito. Kada kalanda ta sa ku feshi. Ludayin ɗiba ya sa ku. Ɗebi ruwa sau goma zuwa ashirin a gefe-gefe, in ba tsutsar sauro a wuce wurin. In akwai, a duba girmanta: matakan girma huɗu take bi, kuma Bti ya fi kama ta tun tana ƙarama, kafin ta kai na huɗu. Wadda ta kusa gama mataki na huɗu ta rage ci, wadda ta gama ta koma siffar waƙafi, dab da yin fiffike, kuwa ba ta ci sam, feshi a kanta asara ce, jar tsutsa ce kawai za ta biya. A karanta ƙarfin maganin a kwali, domin ba ɗaya ba ne: a cikin samfuran VectoBac, na tsaba yana da ITU (ma'aunin ƙarfin guba) 200 a miligiram, na ruwa 1,200, na garin da ake damawa 3,000. Wanda ya canza samfur bai canza awo ba yana iya ninka adadin ba da saninsa ba. A gwada injin da ruwa zalla a kan fili da aka auna, a san lita nawa yake fitarwa a irin tafiyar mai feshin. A koma bayan sa'a 24 zuwa 48 a sake ɗiba. In maganin bai ci ba, kafin a ƙara adadi a tambaya ko an ajiye shi a zafi, ko an bar damammen ya kwana, ko ruwan na da datti da ciyawar da ke tare shi.

Shi gishiri ya fi wuyar magani, domin Bti yana rasa kaifinsa a ruwa cikin kwanaki kaɗan, gishiri kuwa ba ya ruɓewa, kuma fadamar ciyawa da ke tace taki ba ta cire kuloraid. Abin da ake iya yi shi ne a hana ruwan tsiyaya mafi gishiri shiga kududdufan da har yanzu ke da rai, a karkata shi zuwa rami ɗaya da aka keɓe, a sake shi lokacin da rafi ya cika yadda zai tsarma, a kuma rage ban ruwa da taki fiye da buƙata daga can sama. In karatun ya sauka, Ephemeroptera kan dawo da kansu muddin akwai ruwa mai lafiya kusa da za su taso daga shi, amma ƙasar da ta sha gishiri shekaru tana ci gaba da tsiyayo shi bayan an gyara, saboda haka a ci gaba da awon mako-mako aƙalla shekara biyu kafin a ce gyaran ya yi ko bai yi ba.